Lamba Tara da Na Goge

Jiya na ji ɗaya daga cikinku tana gaya wa ƴar'uwarta wai aikin Tanti Rabi ba aiki ba ne, waƙafi ne da aya, kuma ordinater, wato kwamfuta, yana gama shi kafin mutum ya kurɓi shayi sau biyu. Ƙofar biron nan, ofishinmu, ba ta rufuwa da kyau, ku riƙa tunawa da haka. Ban ji haushi ba, don ni ma na faɗi abin da ya fi wannan lokacin da nake kamarku. Amma tunda wata uku kawai za ku yi da mu ku wuce, kuma na lura in ina magana idanunku na kan salula, sai na ga gara in rubuta. Ku karanta a cikin motar faba-faba in kuna komawa gida.

Mujallarmu ƙarama ce, ta injiniyoyi da masu gyaran na'urorin asibiti. Duk wanda ya rubuta maƙala a cikinta, in ya faɗi abin da ba shi ya gano ba, sai ya sa lamba a cikin baka. A ƙarshen maƙalar akwai jeri, shi muke kira manazarta, inda kowace lamba take faɗin wanda ya yi maganar, da sunan takardarsa, da inda ta fito, da shekara, da shafi. Lambobin suna bin juna yadda suka bayyana a rubutun, wato abin da aka fara ambata shi ne ɗaya. Saboda haka in aka cire guda, duk na bayanta sai sun matsa. Aikina shekara talatin da ɗoriya shi ne in tabbatar kowace lamba ta kai mai karatu ƙofar da ta dace. Wannan kun riga kun ji shi ranar da kuka zo, kuna hamma.

Aikin farko da aka ba ni jerin manazarta ne na wata maƙala kan tukunyar tafasa kayan tiyata. Lokacin babu ordinater, sai keken rubutu mai baƙin ƙyalle wanda harafi ɗaya nasa yake maƙalewa, sai an ɗago shi da farce. Na fito daga makarantar sakatarori, ina ji da saurin yatsuna. Na buga jerin kafin azahar, na kai wa Mushe Djibo, wato Malam Djibo da faransanci, ina jiran yabo. Shi ne mai kula da ɗakin karatun ƙungiyar da take fitar da mujallar, Bazabarme ɗan unguwar Gamkale a nan Yamai, dogo siriri, wanda ya koyi Hausa a kasuwa. Har ya bar aiki bai taɓa raba "ka" da "ki" ba, ni kullum namiji ce a bakinsa. Ya ɗauki regil ɗinsa na katako, na jan layi, ya aza ƙarƙashin layin ƙarshe, ya fara karatu daga ƙasa zuwa sama. Ya ce in an karanta daga sama ido gudu yake yi, yana ganin abin da yake so ya gani. A lamba goma sha tara ya tsaya.

"Kai, Rabi. Wannan takarda, ka gani da ido naka?"

Na ce, "Mushe, haka marubucin ya rubuto."

"Marubuci ya rubuto. Kai ka gani?"

Ya tura ni wani ɗakin karatu a ƙetaren kogi, tsakiyar bazara, ga taksi ba ta samuwa. Na samu littafin. Shafin da marubucin ya bayar maganar kujerar cire haƙori yake yi, ta tukunyar tana can gaba, marubucin ya juya lambobi biyu na ƙarshe. Na dawo jiƙe da gumi na faɗa masa. Abin da ya ce kawai shi ne "To," ya miƙo mini kati fari. Daga ranar, duk takardar da na gani da idona sai na yi mata kati, na rubuta sunan mai ita da shekara da shafi. Katunan nan suna cikin akwatuna biyu na katako ƙarƙashin babban tebur, su ne waɗanda kuke aza ƙafa a kai. Kayan aikina ke nan har yau, su da jan bik na rubutu da regil ɗin da ya bar mini.

Marubuta kuwa kowa da irin nasa. Akwai babban malamin da yake kawo manazarta daga ka, in na tambaye shi shafi sai ya ce, "Wajen tsakiyar littafin ne, madam." Akwai mai kwafe jerin wani ɗungurungum har da kurakuransa, kamar wanda ya ari riga da tabon miyarta. Akwai wani mai gyaran injin hoton ƙashi daga garin Tawa, mutumin kirki, da ya rubuta a lamba shida, "wani Bature da ya zo mana horo." Sati biyu na yi ina neman Baturen nan, kuma na same shi. Masu gyara irinsa su na fi so, don su ne suke karanta jerina da gaske. Babban malami sunansa yake nema, in ya gani ya rufe. Mai gyara kuwa yana can wani asibitin karkara shi kaɗai, na'ura a buɗe gabansa, babu wanda zai tambaya. In maƙala ta ce a yi yadda aka bayyana a lamba kaza, lambar nan zai bi. Shi ya sa ƙungiya ta yi tsari tun da daɗewa, duk wanda yake son takardar da aka ambata ya aiko ko ya zo da kansa, ni in yi masa hotokofi in ba shi.

Inda na fi yin suna a aikin nan shi ne wajen sunaye. Ƙa'idar mujallu an yi ta ne a ƙasashen da gida guda yake ɗauke da suna guda daga kaka har jika. A sa sunan gidan a gaba, sai harafin farko na sunan mutum. Mu kuwa sunanka ne da na mahaifinka, kuma tun daga rajistar lakwal, wato makaranta, wani malami zai sa na uban a gaba, wani ya sa shi a baya. Mutum ɗaya sai a same shi Abdou S. a wannan mujalla, Salifou A. a waccan. Gyara wannan ya zama abincina. Da na ga sunaye biyu sun juya wa juna baya na san mutum ɗaya ne, sai in haɗe su. Na yi haka ba adadi, kullum kuma daidai, har shugaban mujalla yana faɗa a taro cewa Madam Rabi ta san marubutanmu fiye da matansu. Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Maƙalar da nake son ku ji labarinta ta zo ne shekara biyu bayan Mushe Djibo ya yi ritaya ya koma lambunsa a bakin kogi. Lokacin mun riga mun samu ordinater. Maƙalar kan gyaran kwalbar bakwaini ce, wato akwatin gilashin nan da ake kwantar da jaririn da aka haifa kafin lokaci don ya samu ɗumi. A cikin kwalbar akwai ɗan tsinken ƙarfe mai jin zafi, shi yake gaya wa na'urar ta ƙara wuta ko ta rage. In ya lalace na asali ba ya samuwa a nan, sai a sa madadinsa. Marubucin ya bayyana yadda ake haɗa wayoyin dalla-dalla, amma da ya zo kan inda za a kafa tsinken sai ya ce a bi lamba tara.

Na buɗe jerin. A lamba uku, wadda ya ambata can farko wajen tarihin aikin, akwai Harouna G., da takarda kan kafa tsinken zafi a kwalbar bakwaini, a wata ƴar mujallar masu gyara da ta daina fitowa. Na sauko lamba tara, sai ga Garba H., sunan takarda iri ɗaya kalma da kalma, mujalla ɗaya. Shekara da shafi ne kawai suka bambanta. Na yi murmushi. Kada ku ce na yi gaggawa, don ban yi ba. Na tashi na buɗe kabad na ciro tsofaffin fitowar ƴar mujallar da muke da su. Na samu ta lamba uku, shekara daidai, shafi daidai, ga sunan mai ita a sama, Harouna Garba. Ta lamba tara ban same ta ba, don fitowar shekarun ƙarshe ba su taɓa iso mu ba. Na nemi marubucin maƙalar, aka ce yana ƙasar waje wajen horo, ga maɗaba'a tana jiranmu. Sai na ce a raina ai na gani da idona, shekarar da shafin na biyu kuskuren marubuci ne kamar kullum. Na goge tara, na mai da ita uku a cikin rubutun, goma ta zama tara, sha ɗaya ta zama goma, har ƙasa. Jerin ya fito tsaf, ko Mushe Djibo da regil ɗinsa ba zai kama waƙafi ɗaya ba.

Mujalla ta fita. Cikin wata biyu mutum bakwai suka nemi lamba uku. Da hannuna na yi musu hotokofi, da hannuna na rubuta "3" da jan bik a kusurwar kowace, na shigar da su littafin da muke rubuta wanda ya karɓi takarda.

Wata ranar Laraba da hantsi wani mutum ya yi sallama a ƙofar biron nan. Zai yi shekara talatin da biyar, da rigar aiki a ninke a hannu. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gida da gajiya, sai da na nuna masa kujera sau biyu kafin ya zauna.

"Madam, ba ƙara na kawo ba," in ji shi. "Marubucin wagga maƙala ya ce mini zai ambaci aikina. Na duba ban gani ba, na ce bari in biyo in ji."

Na ce, "Mi ne ne sunanka?"

"Garba Harouna."

Dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na buɗe shafin na aza yatsa. "Ga ka nan, lamba uku. Juya sunan aka yi, mun saba da haka."

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, "Wannan mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Harouna Garba. Ni sunan kakana aka sa mini."

Ban fahimta ba tukuna, ina ganin abin ya tsaya ga haƙuri da gyara a fitowa ta gaba. Shi kuwa ya juya shafi baya, ya nemo inda aka ce a kafa tsinken, ya ga uku a cikin baka. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ɗauki bik ɗina ba tare da ya tambaya ba, ya zana akwati a bayan wata ambulan. Ya ce mahaifinsa mai gyara ne, ya rubuta tasa kan tsofaffin kwalabe, waɗanda iska take bi ta wannan gefen. Shi kuma ya rubuta tasa shekaru bayan haka kan sababbin da aka kawo, ya bar sunan takardar uban yadda yake don girmamawa. A sababbin iska ta ɗaya gefen take bi, wurin da uban ya nuna shi ne lungun da ya fi sanyi a duk akwatin.

"In an kafa shi nan," ya ce yana buga zanen da bik, "tsinke zai ce sanyi ake, na'ura ta yi ta ƙara wuta. Allo zai nuna komi daidai. Jaririn kuwa..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗago kai. "Madam, mutum nawa suka karɓi ta Baba?"

Na ji tsoro a rayuwata, na haihu, na yi jinyar iyaye, amma irin na ranar nan ban taɓa ji ba. Na jawo littafin, sai shi ya karɓa ya buɗe. Na sauka ƙasa na kira shugaban mujalla. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce a buga takardar gyara yau yau a aika wa duk mai karɓar mujalla, mu kuma mu bi mutum bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Garba ya cire hularsa ya aje a kan tebur, ya fito da salularsa, na fito da tawa.

Na farko bai fara aikin ba, yana jiran wayoyin da zai haɗa. Na biyu da na uku tsofaffin kwalabe ne gare su, takardar uban ta yi musu daidai. Na huɗu ɗalibi ne, karatu kawai yake yi. Na biyar ya riga ya kafa tsinken, amma kwalbar tana ɗakin gyara ba a mai da ita ba, ya ce yanzu zai kwance. Duk wanda muka samu sai in ja masa layi.

Ta shida wata mai gyara ce a wani asibiti wajen Maraɗi, ni na kira ta. Ta ɗauka da fara'a, har tana yi mini godiyar takarda. Na ce mata, "Ƴar'uwa, kwalbarki sabuwa ce ko tsohuwa?" Ta ce sabuwa, ta gama gyara shekaranjiya, an mai da ita ɗaki. Na ce, "Akwai kowa ciki?" Ta ce akwai wata ɗiya tun jiya. Na miƙa wa Garba salular. Magana uku ya yi mata. Ba ta kashe ba, ta riƙe salular a hannu ta ruga. Muna jin takalminta a kan siminti, muna jin ƙofa, muna jin tana kiran sunan wata. Sai shiru, sai wani abu yana ƙara can nesa. Ban san tsawon lokacin ba. Na tuna ina kallon hular Garba a kan tebur ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta cin abinci ce.

Da ta dawo tana haki. "Tana nan. Tana nan, tana tsotso." Ta ce ungozomar ɗakin tun jiya ta ga jaririyar ta yi ja tana ta kuka, ta sa hannu ta ji ciki kamar an buɗe murfin tukunya, sai ta bar tagogin kwalbar a buɗe, har ana yi mata faɗa don allo ya nuna daidai. Ban san sunan ungozomar nan ba. Na sha yi mata addu'a.

Saura na bakwai. Na duba littafi, ga abin da na rubuta da hannuna: "Issa, mai gyara, gabas." Babu lambar salula, babu gari. Na tuna shi sarai. Ya zo da kansa yana sauri motarsu za ta tashi, da jaka a kafaɗa, ya ce ya ga mujallar a hannun wani abokinsa. Na yi masa hotokofi yana tsaye, ya yi godiya ya sauka da gudu. Ni da nake cika baki kan sunaye, ban tambaye shi sunan mahaifinsa ba.

Garba ya ce, "Issa wa?"

Na juya masa littafin ya gani da idonsa.

Muka kira duk asibitin gabas da muke da lambarsa. Kusan kowanne yana da Issa, wani direba, wani mai gadi, wani ma mai gyara, amma bai taɓa zuwa Yamai ba. Na je tasha na tambayi masu sayar da tikiti, suka dube ni kamar mai taɓin hankali. Takardar gyara ta tafi ga duk mai karɓar mujalla, amma shi ba ya cikinsu, a hannun aboki ya gani, abokin kuma ba mu san shi ba. Garba yana yawon gyara jiha jiha, duk inda ya sauka sai ya shiga ɗakin bakwaini ya buɗe kwalabe ya duba, ya kira ni ya ce nan ba komi. Mutumin da na goge aikinsa shi ya fi kowa tsaya mini, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Bayan sati biyu na ɗauki taksi zuwa Gamkale. Na tarar da Mushe Djibo cikin lambu, wando a naɗe, yana ba salati ruwa. Na tsaya a bakin kunya na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya aje bokitin ya saurara har ƙarshe.

"Ka gani guda ɗaya," ya ce.

Na ce, "Ɗaya, Mushe."

"Lamba biyu, ka gani ɗaya." Ya share hannu a riga. "Wanda ba ka gani ba, shi ne ka goge."

Na tsaya ina jiran ya ƙara wani abu, ko faɗa ko lallashi. Ya ɗauki bokitinsa ya koma wajen ruwa. Da zan tafi ya sa aka cika mini leda da salati da tumatir, na riƙe su a cinya har gida.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Duk lokacin da tarhon biro ya yi ƙara sai gabana ya faɗi. In na ji sallamar baƙon namiji a matakala, sai in ce Issa ne, ko kuma wani uba ne da aka nuna masa hanya. In aka gayyace ni suna aka ce jaririn bakwaini ne, ba na iya tambayar a wane asibiti aka haife shi. Jerin da da nake gamawa a yini ɗaya ya koma yana ɗaukar mini huɗu, ina bin kowace lamba sau uku, marubuta suna ƙorafi. Na rubuta takardar barin aiki, shugaban mujalla ya karanta ya mai do mini, ya ce wanda zai zo bayana bai san abin da na sani ba. Issa bai ɓullo ba, labarinsa ma bai zo ba, mai daɗi ko mara daɗi. A hankali mutane suka daina tambaya, ni ma na daina faɗa.

Yanzu ku dubi ordinater ɗinku da kuke taƙama da shi. Yana da kyau, ba na musu, waƙafi da aya ya fi ni. A cikinsa akwai maɓallin haɗe masu kama da juna. Lokacin da aka kawo mana shirin, abin da na fara yi shi ne na shigar da takardun nan biyu, ta uba da ta ɗa. Nan take ya haska su ya tambaye ni ko a haɗe. Abin da na ɗauki rabin yini ina yi, da tashi da buɗe kabad, shi a ƙiftawar ido ya kai gare shi. Shi ya sa kuke ji ina tambayar kowane marubuci, ko furfurarsa ta kai ina, wanne ne sunansa wanne ne na mahaifinsa, kuma ko akwai wani a gidansu da ya taɓa rubutu. Na ga kuna sunkuyar da kai kuna dariya in na yi.

Bara wata yarinya mai gyara ta zo daga gabas da maƙalarta ta farko, kan kwalbar bakwaini. Hadiza sunanta, mai natsuwa, ta kawo duk takardun da ta ambata a cikin jaka don in gani, abin da manya ba sa yi. Ina ɗaga su ɗaya ɗaya sai na zo kan wata da ta yi baƙi, hotokofin hotokofi, gefenta ya cinye. Takardar Harouna Garba ce, uban. A kusurwa akwai "3" da hannuna. A kan zanen da ya nuna inda za a kafa tsinke, wani ya ja ƙaton giciye, ya rubuta "A'A" da manyan haruffa, ya ja kibiya zuwa ɗaya gefen. Ko a hotokofin ana ganin inda bik ya huda takarda.

Na ce, "Ɗiyata, wa ya ba ki wagga?"

"Maigidana da ya koya mini aiki, Malam Issa. Ya rasu bara waccan."

"Issa wa?"

"Issa Mahaman."

Na maimaita sunan a hankali. Na tambaye ta ko takardar gyara ta taɓa isa gare shi, ko ya san akwai wata takarda ta ɗan. Ta ce ba ta taɓa jin haka ba, wannan kaɗai take manne a bangon ɗakin gyaransa tun kafin ta zo.

"To ya aka yi ya gane wurin ba daidai ba ne?"

"Bai taɓa faɗa ba, Tanti. Amma duk kwalbar da muka gyara, sai ya sa mu cusa hannu ciki mu daɗe kafin mu dubi allo. In wani ya ce masa ai allo ya nuna daidai, sai ransa ya ɓaci, ya fita waje ya zauna shi kaɗai."

Mai yiwuwa a ɗakin gyara ya gane, da ma'aunin zafi, kwalba babu kowa ciki. Masu gyara da yawa suna gwadawa kafin su mayar. Na gaya wa kaina haka a lokacin, ina gaya wa kaina haka har yanzu. Tambaya ɗaya ta rage, ku ma kun san ta, wato ko a kan wani jariri ya gane, kuma a asibitinsu ba za a rasa tsohuwar ungozoma da za ta tuna ba. Yarinyar tana zaune tana jira in ci gaba. Na ɗauki regil na aza ƙarƙashin layin ƙarshe na jerinta, muka fara daga ƙasa.

Da ta tafi na ciro kati sabo na rubuta Issa Mahaman, nasa a gaba, na mahaifinsa a baya, na sa a cikin akwatin da kuke aza ƙafa a kai. A bayan katin akwai lambar salular Hadiza. Ban kira ba tukuna.